Subhi da Ɗakin Haɗin Roba

Subhi Abdul'aɗi yana da shekara goma sha tara kawunsa ya kai shi kamfanin roba na Hajj Disuƙi da ke Bahtim, a bayan Shubra, a gefen birnin Alƙahira. Silifas ake bugawa a wurin, da tiyon ban-ruwa, da ledar shimfiɗa a tsakar ɗaki. Wata uku ya yi yana shara, sai aka lura yaron yana da ƙashi kuma ba ya ƙorafi, aka tura shi ɗakin haɗi.

Daga ɗakin haɗi komai yake farawa. A farke buhun farin gari a juye a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a kawo durom na wani mai garai-garai kamar ruwa, mai ɗan yauƙi, a kwarara a kai. Shi wannan man shi ke sa roba ta yi laushi ta lanƙwasu. Idan tukunya ta ɗau zafi sai tururi ya cika ɗakin, ya kwanta a gashin kai da gira. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da kwali don kada iska ta kwashe gari. Su goma sha ɗaya ne a ciki. Albashinsu ya ɗara na sauran ma'aikata, kuma kullum da hantsi ana raba musu kwalbar madara, wai tana yanke dafi. A kan murfin durom suke shimfiɗa jarida su ci wake da gurasa, hannu kuwa a goge a wando. In durom ya ƙare har rububinsa ake yi, a kai gida a zuba ruwan sha.

Subhi ya iya aikin. Da tafin hannu yake gane haɗin da ya yi da wanda bai yi ba. Kafin ya cika shekara ashirin da biyar an daina kiransa da yaro, an koma Usta Subhi, yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a sana'a. Da ya kai ashirin da shida ya auri Afaf, 'yar maƙwabtansu, mai ɗinka kayan makaranta a kan keken da ta gada wurin uwarta. Suka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu.

Shekara ɗaya, biyu, uku, shiru. A ta huɗu matan unguwa suka fara kiranta Uwar Wanda Bai Zo Ba, su a ganinsu tausayi ne. Mahaifiyar Subhi, Hajja Nabawiyya, ta ɗauki lamarin a kanta. Ba kabarin waliyyin da ba ta kai Afaf ba, har garin Tanta. An ba ta jiƙe-jiƙe, an sa ta tsallaka abin da ba ya faɗuwa, an kai ta wurin likitocin mata huɗu. Kowannensu ya duba ya ce bai ga komai ba, ya ƙara da cewa a turo mijin. Duk sanda Afaf ta kawo wannan saƙo sai Subhi ya murtuke fuska.

"In je in yi me? Ke kin ga wani abin da na gaza?"

"Ban ce ka gaza ba, ya Subhi. Likita ce ta ce."

"To ki ce da likitar lafiyata lau."

A shekara ta tara ya dawo daga aiki da la'asar ya iske ta kwance a ƙasa a dunƙule, fuska ta yi fari fat. Hajja ce ta kai ta wani ɗan asibiti a lungu, aka hura mata iska a mahaifa ba tare da allurar kashe zafi ba, wai a buɗe hanya. Karo na uku ke nan. Ya tsugunna ya ɗora hannu a goshinta, ta ce masa kada ya damu, zuwa gobe zai lafa, akwai shinkafa a tukunya. Bai ci shinkafar ba. Washegari ya aika wa kamfani cewa ba ya jin daɗi, ya hau bas shi kaɗai zuwa cikin Alƙahira, bai gaya wa kowa ba.

An yi gwajin maniyyi, aka ce ya dawo bayan wata uku a maimaita. Ya dawo, aka maimaita. Likitan, wani dattijo mai sanƙo da ake kira Dakta Wafiƙ, ya jera takardun biyu a kan tebur ya juyo su wajen Subhi.

"Ƙwayoyin haihuwarka kaɗan ne ƙwarai, ya Usta. Waɗanda ke akwai ma yawancinsu ba sa motsi."

"Amma ni ba abin da ke damuna, ya Dakta. Ka tambayi matata."

"Na yarda. Kwanciya daban, haihuwa daban. Wane aiki kake yi?"

Subhi ya faɗa masa. Likitan ya tambayi shekara nawa, ya ce goma sha shida. Ya tambayi safar hannu da takunkumi, Subhi ya yi dariya. Ya ce to ya samo masa sunan man nan. Bayan kwana biyu Subhi ya sa wuƙa ya ɓamɓaro takardar da ke manne a jikin wani durom da ya ƙare, ya ninke ta a aljihu ya kai. Rubutun Turanci ne, shi bai taɓa sanin abin da ta ƙunsa ba. Dakta Wafiƙ ya karanta, ya cire tabarau.

"Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. A cikin 'ya'yan maraina akwai ƙwayoyi iri biyu da ke riƙe da aikin. Wasu su ke dafa sinadarin mazantaka. Wasu kuma su ke renon ƙwayar haihuwa tun tana ɗanya har ta nuna, kwana saba'in da 'yan kai. Dukkansu da saƙon da jini ke kawowa suke aiki. Irin wannan mai in ya shiga jiki, ta fata ko ta hanci ko ta abinci, sai ya dagula saƙon. Masu dafawa su rage wuta, masu reno su saki abin renonsu bai ƙosa ba."

"Ke nan shi ne ya yi mini wannan."

"Ba zan rantse ba. A jikin ɓeraye an gani ƙarara. A jikin mutane ana ganin alamu, musamman masu aiki irin naku. Akwai mazan da ba su taɓa shiga kamfani ba kuma takardarsu ta fi taka muni. Amma da ƙanena ne kai, yau zan ce ka bar ɗakin nan."

"In na bari zai dawo?"

"Wani yana dawowa. Wani ba ya dawowa."

Afaf ya fara gaya wa. Ta daina taka keke, ta daɗe tana kallon takardar duk da ba ta gane lambobin ba. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta tuna masa shekarun da ta yi tana shan ɗaci. Sai ta ninke takardar ta miƙa masa.

"Ɓoye ta. Ni na riga na saba, bari a ci gaba da cewa ni ce. Namiji ba ya iya ɗaukar wannan magana a unguwar nan."

"Ke da kika ɗauka shekara tara, da ƙarfe aka yi ki?"

"Za su yi maka dariya a wurin shayi."

"Su yi. Haƙoransu ne."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru gidan Hajja Nabawiyya kamar kullum, da wansa da matar wansa da 'ya'yansu, ana cin miyar lalo da naman zomo. Hajja ta fara labarin wata mata a Ƙalyub da aka ce hannunta yana da albarka, ta ce Afaf ta shirya ran Litinin.

"Mama, ki bar ta ta ci abinci," in ji Subhi. "Ba inda za ta."

"Kai me ka sani a sha'anin mata?"

"Sha'anin maza ne. Ni ne ba na haihuwa. Ga takardar likita, har biyu."

Cokali ya tsaya a hannun kowa. Hajja ta dubi matar wansa ta ce ta tashi ta rufe taga.

"A bar ta a buɗe," ya ce. "Shekara biyar ana kiran matata da sunan da kika sani, taga a buɗe. Wannan ma maƙwabta su ji."

Hajja ta ce ƙarya likita yake, ita ba ta haifi nakasasshe ba, ubansa 'ya'ya shida ya bari. Ta ce sihiri ne, kuma ta san wadda ta yi. Subhi ya wanke hannu, ya kama hannun Afaf suka sauka. Wata biyu uwar ba ta yi masa magana ba. Ranar da ta sauko, sai ta aika wa Afaf da kwanon tuwon madara, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Iyakar haƙurin da ta bayar ke nan har ta rasu, Afaf kuma ta karɓa a haka.

A kamfani, lokacin cin wake ya zaɓa. Ya bari kowa ya zauna a kewayen durom, sannan ya faɗa musu abin da likita ya ce, tun daga kan takardarsa har zuwa man da suke ci a kan murfinsa. Fattuh, wani mai ƙaton gashin baki da ya shekara goma a ɗakin, ya fashe da dariya har yana ƙwarewa.

"Ya Usta, in injinka ya mutu kada ka ɗora wa durom. Ni 'ya'yana huɗu, na biyar yana hanya. Ko man kunyata yake ji?"

"Ban ce kowa ba. Taba ma ba kowa take kashewa ba, amma ka ga wanda ya ce magani ce?"

"To ka ƙara shan madara. Ko in ba ka tawa?"

Aka yi dariya. Subhi ma ya yi, ya ci gaba da cin wakensa. Amma ya lura mutum uku ba su yi ba. Ɗaya daga cikinsu Girgis ne, Kirista Bakibɗe, abokin aikinsa a bakin tukunya, wanda ya yi aure shekara biyar da suka wuce kuma kullum yake cewa sun jinkirta ne sai sun sami gida mai faɗi. Da aka tashi Girgis ya biyo shi har tashar bas, yana ta maganar ƙwallo. Sai da bas ta tsaya sannan ya ce, yana kallon wani gefe, "Likitan nan naka, a wane titi yake?"

Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana roƙon kada a gaya wa ɗan'uwansa. Wani ya ce ƙanensa yake tambayar wa. Subhi ya raka mutum bakwai da ƙafarsa, yana zama da su a kan benci har a kira su. Biyar a cikin bakwai takardarsu ta fito da matsala. Ya roƙe su su ba shi kwafi, an shafe sunaye. Huɗu suka yarda.

Da waɗannan takardu ya hau bene wurin Hajj Disuƙi. Hajj mutum ne mai fara'a, ya san sunan kowane ma'aikaci, kuma duk azumi yana ciyar da unguwa. Ya sa aka kawo shayi. Subhi ya faɗi abin da ya kawo shi: a buɗe taga, a sa fanka mai zuƙe tururi, a yi wa tukunya murfi, a ba da safar hannu da takunkumi, a ware wurin cin abinci, a daina bai wa mutane durom.

"Ya ɗana," in ji Hajj a tausashe, "'ya'ya kyautar Allah ne. Ya ba wanda Ya so, Ya hana wanda Ya so. Kai mai salla ne, bai kamata in tuna maka ba."

"Haka ne, ya Hajj. Amma ɗanka injiniya in zai shigo ɗakinmu na minti biyar, da safa yake shigowa, hanci a rufe. Shi ba Allah ne zai ba shi ba?"

Hajj ya ajiye kofi. Ya ce ya daɗe yana tunanin Subhi ya wuce ɗakin haɗi. Akwai gurbin shugaban sito, da kujera da fanka, albashi ya fi. Sai dai a bar takardun nan a ofis, maganar kuma ta tsaya nan.

"Wa zai shiga wurina a bakin tukunya?"

"Za a samu. Samari sun yi yawa a ƙofa."

"Shi ke nan, ya Hajj. Na gode da shayi."

Ya kwashi takardunsa ya kai ofishin ƙwadago. Bayan wata ɗaya wani jami'i ya zo, aka shigar da shi ta ofis, ya fito ta ofis, ya rubuta 'yar tara saboda rashin abin kashe gobara. Mako bai zagayo ba aka kira Subhi aka miƙa masa takardar kora. Laifinsa satar kayan kamfani. Ya tambayi me ya sata, aka ce takardar da ke jikin durom. Ya karanta sau biyu, ya ce a ba shi kwafi na biyu, yana so ya sa a firam.

Washegari da ƙarfe shida ya zo ƙofar kamfani da kujerar katako, ya zauna a tsallaken titi inda ƙasar ba ta Hajj ba ce. Duk saurayin da ya zo neman aiki sai ya kira shi.

"Ka yi aure? Kana son 'ya'ya? To ka karɓi kowane aiki a ciki ban da ɗakin haɗi. In suka ce sai can, ka ce sai da safa da fanka. Ni Usta Subhi ne, shekara goma sha shida na yi a can, ba ni da ɗa ko ɗaya. Ga takardata in kana karatu."

Wasu su saurara, wasu su ce mahaukaci ne. Masu gadi sun kore shi, ya dawo. An kai shi caji ofis sau biyu, aka rasa abin rubutawa aka sake shi. Fattuh kullum in zai wuce sai ya ɗaga masa kwalbar madara. A wurin shayi an laƙaba masa sunaye iri-iri, ya riƙa amsawa da kowanne har masu kiran suka gaji.

Abin da ya karya Hajj Disuƙi daga ɗakin Afaf ya fito. Lokacin komawa makaranta ne, mata suna cika ɗakinta da awon riguna, kuma tun da mijinta ya buɗe baki ita ma ta buɗe nata. Tana riƙe da allura a leɓe take ba su labari, har da bayanin masu dafawa da masu reno. Ta ce duk mai durom na kamfani a gida ta zubar da ruwan. Daga ɗakinta maganar ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta shiga gidajen masu 'yan mata. Kafin hunturu ya wuce, in saurayi ya je neman aure ya ce a kamfanin Hajj yake, uban yarinya sai ya tambaya, "A wane ɗaki?" An fasa baiko biyu a wata guda. Samari uku suka bar ɗakin haɗi, aka nemi masu maye gurbinsu aka rasa, ko da an ƙara kuɗi. In ɗakin haɗi ya tsaya kuwa, kamfani ya tsaya.

Wata safiya Subhi yana kan kujerarsa ya ga mota ta sauke ƙatuwar fanka da bututun ƙarfe. Ya ga an fasa bango, an cire kwalin taga. Bayan kwana uku Girgis ya fito da hutun rana ya tsallako titi, ya ɗaga hannuwansa biyu sanye da baƙar safa har gwiwar hannu.

"Ka ga abin da ka jawo mana. Kamar masu wankin gawa."

"Murfin tukunya fa?"

"An ce wata mai zuwa."

"To ina nan har wata mai zuwa."

Ya zauna har aka sa murfin, sannan ya ɗauke kujerarsa. Man dai ba a canza shi ba, an ce wanda ba ya cutarwa ya yi tsada. Shi kuma ba a mayar da shi aiki ba, bai kuma nema ba. Ya kama wata 'yar rumfa kusa da gida yana gyaran injin jan ruwa, sana'ar da ya koya yana ɗan shekara talatin da shida.

Girgis ya bar kamfanin a ƙarshen shekarar ya koma tuƙin tasi. Bayan shekara biyu matarsa ta haifi mace, Subhi da Afaf suka je coci ranar da aka yi mata baftisma, suka zauna a layin gaba. Takardar Subhi ma ta ɗan gyaru, amma ba ta kai ba. Sun gwada dashen kwalba, wato haɗa ƙwayoyin haihuwa a asibiti, sau ɗaya, Afaf ta sayar da awarwaronta, bai kama ba. Likita ya ce a sake, Subhi ya dubi yadda allurai suka mayar da ita ya ce ya isa. Sun yi baƙin ciki sosai a wannan shekarar, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Daga baya suka daina ɓoyewa, abin ya yi sauƙi.

Tun bayan korarsa Subhi ya kai kamfanin ƙara kotu, ƙarar kuwa ta fi Hajj tsawon rai, don Hajj ya rasu ɗansa ya gaje shi ana kan shari'a. Kotun farko ta ce ba hujjar da ta tabbatar man ne ya jawo. Ya ɗaukaka ƙara. Lauyansa na farko ya tafi Kuwait, na biyu ya rasu, ya ɗauki ta uku, wata matashiya da ta nemo rahotannin bincike daga ƙasashen waje ta sa aka fassara. A zaman da aka yi na baya-bayan nan alƙalin ya leƙo ta saman tabarau ya dubi mutumin da ke tsaye gabansa, furfura ta cinye kansa.

"Ya Usta, shekararka hamsin da huɗu. Kamfani ya yi tayin sulhu sau biyu ka ƙi. Me kake nema?"

"A rubuta, ranka ya daɗe. A rubuta a takarda mai hatimi cewa man nan yana taɓa haihuwar maza, kuma an sani aka bar mu muna cin abinci a kansa. Akwai ƙananan kamfanoni sun fi talatin tsakanin Bahtim da Musturud, da tagoginsu a toshe. In na je da bakina sai su ce mahaukacin nan ne. Ina so in je da hatimi."

Alƙalin ya rubuta wani abu, ya ce za a naɗa kwamitin likitoci, ya ɗage zaman zuwa watan Maris. Lauyar ta ce wannan ci gaba ne, ko da yake kwamiti yana iya shekara bai zauna ba. Subhi ya tambaye ta sunayen likitocin da inda ofishinsu yake, ya rubuta a bayan tikitin bas, ya ce ran Lahadi, farkon makon aiki a can, zai fara zagaya su.